Hunturun da Teofila Ta Ɓoye Shebur

A ƙauyen Jesionki da wuya ka sami mai shekara ƙasa da hamsin da bai ci miyar Teofila Rudnik ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abincin rana, kuma duk wanda ya taso a hannunta ya san ta da abu biyu: girkinta ba ya ƙonewa, bakinta kuma ba ya gajiya. Gajeruwa ce kakkaura, hannayenta duk tabon tukunya. Kwal ɗin da ake kawo wa kicin ɗin makarantar bai taɓa isa ba ko shekara ɗaya, amma a hannunta sai ya kai har ƙanƙara ta narke, wani lokacin ma ya yi saura. In an tambaye ta sirrin, sai ta ɗaga murfin tukunya ta kaɗa wa mutum a fuska.

"Ga shi nan. Ku da kun ga ruwa ya ƙi tafasa sai ku ƙara wuta. Ni kuwa rufewa nake yi."

Mijinta Zenon kuwa ɗan ƙara wuta ne tun fil azal. Dogo ne mai gashin baki, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar da ke ture ƙanƙara daga kan hanya, don haka ya yi imani babu abin da ba ya matsawa in an danna shi da ƙarfi. Shekarar da suka yi aure ya haɗa wa gidan mahaifinsa murhun ɗumama gida a ɗakin ƙasa, irin na ƙarfe mai cin kwal, wanda ke dafa ruwa ya tura shi ta bututu ya zaga ƙarafan da ke jikin bangon kowane ɗaki. Shi ne na farko a ƙauyen, har mutane suka riƙa zuwa kallo. Zenon ya raɗa masa suna Janar, kuma in yana maganarsa sai ka ɗauka wani babban yayansa ne.

A kakar wannan shekarar ce kuma ya tumɓuke dirkokin zagata. Kafin nan, kowace kaka mahaifinsa kan kafa dirkoki kewaye da gidan, kamar kamu ɗaya daga bango, ya ɗaura musu sanduna a kwance, sannan a danƙara busasshen ganye tsakaninsu da bangon har ƙasan rufi, gida ya shiga sanyi da rigarsa. Duk talakan yankin haka yake yi, kuma abin da ya dami Zenon ke nan.

"Gidan Rudnik ya daina sa tsumma," in ji shi. Ya faskara dirkokin ya ba Janar ya cinye.

Tsohon ya yi kwana uku bai yi masa magana ba. Teofila amarya ce a lokacin, ta ja bakinta ta yi shiru, kuma ita da kanta takan ce wannan ne shirunta na ƙarshe a gidan.

Sun haifi 'ya'ya mata biyu. Babbar, Lusia, zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara bakwai. Maƙabartar ƙauyen na kan wani ɗan tudu bayan coci, kuma daga tagar kicin ɗin Teofila ana hango kan bishiyoyinta. Kowace Laraba da Lahadi tana can, ta share, ta canza wa furanni ruwa, ta ba yarinyar labarin abin da ke faruwa a gari, har da gulma. Ƙaramar, Danuta, ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya a birni. Tana zaune a hawa na shida na wani dogon gini inda ɗumi ke zuwa da kansa, babu wanda ya san daga ina.

Janar ya yi shekara arba'in yana aiki, sai ya fara yoyo. A farkon wani Oktoba Pan Ludwik mai walda, wato Malam Ludwik a harshen ƙauyen, ya shafe rabin yini a ɗakin ƙasa, sannan ya hawo yana goge hannu da tsumma. Danuta ta zo hutun ƙarshen mako, su uku suna zaune a kicin suna jiransa kamar dangin mara lafiya.

"Na ɗinke shi," in ji Ludwik. "Karo na uku ke nan, Pan Zenon, na huɗu kuwa babu. Ƙarfen ya yi laushi, ba inda walda za ta sake kamawa."

"To a sa sabo mana," in ji Danuta.

"Sabo ba ya shiga wannan tsohon bututun hayaƙin naku. Sai an rushe shi tun daga ƙasa an sake gini, ni kuma ban san magini mai hankali da zai fara wannan aikin ƙanƙara tana bakin ƙofa ba. Sai watan Mayu." Ya kurɓi shayi. "In kun lallaɓa shi zai iya kai ku. Amma kada allurar agogonsa ta wuce sittin."

"Sittin!" Zenon ya buga tebur. "Sittin ai ruwan wankan jariri ne. Ni a Janairu tamanin da biyar nake kai shi."

"Shi ya sa nake zuwa gidanka fiye da gidan surukata. Sake kai shi tamanin da biyar sau ɗaya, sai ka kira ni in zo in taya ka kwashe ruwa da bokiti."

Danuta ta bari sai da Ludwik ya fita, sannan ta gyara zama ta ɗauko muryar da take yi wa marasa lafiya masu taurin kai magana da ita.

"Mama, Baba, ku saurare ni da kyau. Na gyara muku ƙaramin ɗakina. Yau ba zan matsa muku ba. Amma ranar da murhun nan ya tsaya, ko ranar da na zo na tarar da gidan nan da sanyi, a ranar za ku shiga mota. Hunturu ɗaya kawai, sai ku dawo."

Teofila ta san wannan hunturu ɗayan. Matar tsohon mai raba wasiƙa ma hunturu ɗaya ta tafi yi wurin ɗanta, yau shekara tara. Gidan katako in ya yi wata huɗu ba wuta, bututu ya fashe, bango ya sha danshi, katakon ƙasa ya kumbura, kafin Mayu ya zama abin neman kai da shi. Kuma daga hawa na shida ba a hango maƙabartar Jesionki. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar Lusia. Amma da yake tsoro a wurinta faɗa yake zama, abin da ya fito daga bakinta shi ne:

"Kin ji na ce miki ina jin sanyi? Cinye abincinki."

A ƙarshen Oktoba, ana saura 'yan kwanaki a yi ranar tunawa da matattu, duk ƙauyen kan hau tudu da manjagara da tsintsiya, kowa ya gyara kaburburan danginsa. A shekarar an yi mako biyu ba ruwan sama, ganye ya zubo ya bushe ƙarau, aka tara shi tsibi-tsibi a jikin katangar maƙabarta ana jiran ranar ƙonawa. Teofila ta gama share kabarin Lusia, ta kai nata kwandon ganyen bakin katanga, sai ta tsaya tana kallon tsibin. Ta cusa hannu a ciki har gwiwa. A waje iska mai sanyi na kaɗawa, can ciki kuwa ko alamarta babu. Tana tsaye haka Fada, limamin cocin, ya zo wucewa, ya tambaye ta ko wani abu ne ya faɗa mata a ciki.

"A'a, Fada. Ganyen nan na wane ne?"

"Na wanda ya fi kowa son hayaƙi ne, Pani Teofila."

"To kada wanda ya sa masa ashana. Nawa ne."

Kwana shida ta yi tana jigila da baro da buhuna, daga tudu zuwa gida. Maƙwabcinsu Bronek, abokin Zenon tun suna 'yan makaranta, ba shi da aikin da ya wuce jingina da shinge, kuma ba a wuce shi a banza.

"Pani Teofila, an ce birni za ku koma, ashe garken awaki za ku buɗe?"

"Eh, bunsuru kawai ya rage mana. In ka gama jinginar sai ka shigo."

Mata a shago suka fara ƙus-ƙus, wai ganyen matattu ne, ba kyau a kai shi gida. Maganar ta dawo mata, ta je shagon takanas ta amsa musu a gaban kowa. Ta ce mutanen da ke kwance a tudun nan da yawansu sun ci miyarta, ɗaya kuma ita ta haife ta, don haka ba ta ga wanda zai hana ta ganye a cikinsu ba.

Babban yaƙin a cikin gida yake. Zenon ya ga tarin buhuna a tsakar gida, ya gane inda aka dosa, fuskarsa ta yi ja.

"Fila, kunya za ki ba ni a gaban gari? Shekara arba'in gidan nan bai sa tsumma ba."

"Shekara arba'in kana dafa tukunya ba murfi, tsoho. Janar ba gidan nan kaɗai yake ɗumamawa ba, har da gonar Bronek da tsuntsayen sama. Ba ni da ƙarfin da zan ƙara masa, amma zan iya rage masa aiki."

"Ba da hannuna ba."

"Wa ya tambayi hannunka?"

Ta samo dirkoki ta fara kafawa ita kaɗai. Teofila gwana ce a kan tukunya, amma a kan guduma abin tausayi ce. Wata dirkar ta kalli gabas, wata ta kalli coci. Zenon ya zauna a bakin taga da jarida a hannu, kwana biyu bai juya shafi ba. A rana ta uku ya fito ko hula babu.

"Matsa! Wa ya ce miki haka ake kafa dirka? Kin jera su kamar haƙoran kakata."

Ashe hannunsa bai manta ba. Ya cire duk wanda ta kafa ya sake jerawa da igiya. Ganye kuma, in ji shi, ba a tura shi gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake zubawa ana tattakewa. Bangon arewa da na gabas ya yi musu kauri biyu, don ta nan iska ke zuwa. Ya bar wa tagogi idanunsu, a sama kuma ya ɗora karan hatsi a karkace don ruwa ya zame. Yana aikin ba ya magana, sai sau ɗaya da ya tsaya ya dubi ƙafafunsa.

"Baba ba takalmi yake tattakawa. Wai ya fi jin inda rami yake."

Ya juya baya ya daɗe yana fyace hanci. Teofila ta yi kamar tana neman wani abu a cikin buhu.

Cikin gida kuwa nata ne, ba mai sa mata baki. Ta rufe ɗakuna biyu da ba a kwana a ciki, ta bar wa ƙarafansu ɗan ruwan zafi kaɗan don kada bututu ya daskare. Ta rataya bargo a bayan ƙofar waje, ta cusa auduga tsakanin gilasan tagogi. Da rana ta fito sai ta yaye labulen kudu, kafin la'asar ta mayar. Ta kuma kafa doka cewa wanda zai fita ya tuna duk abin da zai ɗauka, don ƙofa ba ta buɗuwa sau biyu. Sannan wata safiya Zenon ya sauka wurin Janar ya nemi shebur ɗin kwal ya rasa.

"Fila! Ina shebur ɗina?"

"Ya tafi hutu."

Ta miƙa masa wani kwano mai mariƙi, wanda ta yi shekaru tana auna dankali da shi a makaranta.

"Kwano ɗaya duk bayan awa biyu. A shafe, ba tozo."

"Janar kike so in ciyar da wannan? Ai ko kaza ta raina shi."

Ta san halinsa sarai. Shi dai ya cika murhu ya yi ta ruri, gida ya yi zafi har a buɗe taga, sannan ya manta da shi wuta ta mutu, ƙarfe ya huce, ya sake komawa ya hura shi ya yi ja. Wannan hucewa da hurawar ce ta tsattsage Janar. Abin da take so wuta ce ƙarama wadda ba ta tashi ba ta mutuwa, irin wadda ake dafa wake da ita.

Zenon ya yi mita har mako biyu. Sai Disamba ta shigo da ƙanƙararta, allura ta tsaya a hamsin, gida kuma ɗumi lum. Nan fa mutumin ya tuba, kuma irin tubar da ta fi zunubin wahalarwa. Ya riƙa zagaya gida da kyandir yana neman inda iska ke shigowa, duk kafar da ya gani sai ya toshe. A shago aka ji shi yana bayani cewa zagata ilimi ce, mahaifinsa ne ya koya masa, dama shi ya daɗe yana tunanin dawo da ita. Da labarin ya iso wa Teofila, cewa ta yi a ƙyale shi, muddin kwanon yana hannunsa.

A tsakiyar Janairu rediyo ya ce wani sanyi na tahowa daga gabas, zai yi kwana goma. Ya kuwa zo. Ma'aunin da ke bakin taga ya nuna ashirin da huɗu ƙasa da sifili, washegari ashirin da takwas, sannan talatin da ɗaya. Bishiyoyi suka riƙa tsagewa a daji da ƙara, ruwan kaji na daskarewa kafin su gama sha, in mutum ya ja numfashi a waje hancinsa ya manne. Allurar Janar ta hau hamsin da takwas ta tsaya. Bronek, wanda ke ɗura wa nasa murhun kwal ba dare ba rana amma gidansa ya ƙi ɗumi, ya fara zuwa aron abubuwa. Yau gishiri, gobe zarto, kuma duk zuwan sai ya yi awa uku a kujerar kusa da bango.

Ranar Alhamis Danuta ta bugo waya.

"Mama, na ji abin da ake faɗa a rediyo. Ranar Asabar ina nan tafe, kuma da akwatuna zan zo."

"Ki taho da yunwa dai, akwati kuwa ke kika sani."

Ranar Juma'a da la'asar Zenon ya fita zagayen dubawa. Can ƙasan bangon arewa, inda ganyen ya ɗan zauna, ya ga wani ɗan rami yana zuƙar iska zuwa ɗakin ƙasa har da feɗuwa. Tun lokacin da aka haɗa Janar magini ya bar ramin don wuta ta sami iska, amma a da gidan ko'ina kafa ne, babu wanda ya taɓa lura da amfaninsa. Yanzu da aka toshe ko'ina, ta nan kaɗai murhun ke numfashi. Zenon ya ɗauka tsohuwar hanyar kyanwa ce. Ya ɗauko buhun ganye ya danna a ciki da ƙafa, ya shigo yana murmushi bai faɗa wa kowa ba.

Da safiyar Asabar Teofila ta tashi kanta ya yi nauyi, kan hancinta da sanyi, gidan kuma yana ɗan warin hayaƙi. Ta taɓa ƙarfen bango ta ji da kyar yake da ɗumi. Ta wangale ƙofar waje don hayaƙin ya fita, tana jin ɗumin da ta yi wata uku tana tattali yana bin sa, sannan ta sauka ɗakin ƙasa. Allura na kan talatin da biyu. Zenon na tsaye gaban Janar, a hannunsa ga shebur cike da kwal har da tozo. Ashe tun Nuwamba ya san a bayan gangar kabeji ta ɓoye shebur ɗin.

"Ajiye," in ji ta.

"Mutuwa yake yi, Fila. Yarinyar nan tana hanya. In ta shigo ta ji gidan nan haka, shi ke nan mun tafi. Bari in cika shi sau ɗaya, sau ɗaya tak, ya yi ruri."

"Ya yi ruri ya fashe."

"To me zan yi? In tsaya ina kallo?"

Sai a lokacin ta gane ashe ba ita kaɗai ke ɗauke da wannan tsoron ba. A ɗakin da ke saman kansu aka haife shi, kuma shi ma yana hawa tudun nan, ranar da ya san ba za su haɗu ba. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta da lokacin nuna masa. Ta durƙusa ta buɗe ƙofar murhun ta leƙa, kamar yadda ta leƙa wuta kowace safiya shekara talatin da ɗaya. Kwal ɗin jiya na nan baƙi, rabinsa bai ci ba. Wutar ta yi ja mai duhu tana lilo da kasala, hayaƙi na komowa baya.

"Dubi nan, tsoho. Na jiya ma bai cinye ba, kai kuma za ka ƙara masa. Ba yunwa yake ji ba, numfashi ya rasa."

Ta ƙyasta ashana ta nufi lungun arewa, inda kullum in ta zo ɗiban dankali iska ke kaɗa mata gefen siket. Harshen ashanar ya tsaya cak. Ta juyo a hankali.

"Zenon. Me ka toshe?"

Ya dubi shebur, ya dubi rufi.

"Wani ɗan rami ne kawai. Na kyanwa."

Ba ta tsaya zagi ba, ta ajiye shi sai an sami sarari. Ta zura takalman Zenon, ta ɗauki ƙarfen tona wuta, ta fita cikin sanyin talatin da ɗaya. Ƙanƙara ta kai mata cinya. Buhun ya daskare ya manne da bakin ramin, ta ja ya ƙi. Ta soka ƙarfen ta murɗa, ta dafa ƙafa ɗaya a bango, ta ja da duk ƙarfin da ta saba sauke tukunyar yara ɗari da shi. Buhun ya fito fit, ita kuma ta tafi da baya ta zauna daɓas cikin ƙanƙara. Tana zaune a wurin ta ji ramin ya ja iska fuuu, sannan ta ji ihun Zenon daga ƙarƙashin ƙasa.

"Ya kama! Fila, ya kama!"

Abin da ya rage ya fi jan buhu wuya, wato jira. Ta rufe ƙofar waje, ta sauka ta kifa bokiti ta zauna a gaban Janar, ta ɗora shebur a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Wutar ta washe ta yi haske. Allura ta hau arba'in, ta daɗe a nan kamar ba za ta motsa ba. Zenon na safa da marwa yana duban agogo.

"Rabin kwano fa? Rabi kawai."

"Lokacinsa bai yi ba."

Arba'in da biyar. Hamsin. Da awa biyu ta cika ta ba shi izinin kwano ɗaya, ta sa hannu da kanta ta shafe tozon. Sannan ta hau kicin ta ɗora babbar tukunya, ta murza dankali ta cura shi da nama a ciki, tururi ya cika ɗakin. Bangon da ke sanye da rigarsa bai zubar da abin da aka ba shi ba. Kafin tsakar rana ta cire rigar sanyinta.

Danuta ta iso wajen ƙarfe ɗaya da manyan akwatuna biyu babu komai a cikinsu. Ta tsaya a bakin shinge tana kallon gidan da aka haife ta a ciki ya koma wani ƙaton dami mai tagogi, sannan ta shigo. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba ta wuce ta dafa ƙarfen bango.

"Mama, wannan ai ɗumi-ɗumi ne kawai. Nawa a birni ba ya taɓuwa."

"Shi ya sa kuke kwana taga a buɗe."

Danuta ta sauka ɗakin ƙasa. Allura na kan hamsin da bakwai, ɗinkin Ludwik a bushe, ko ɗigo babu. Ta hawo ta ci gaba da magana, don ta shirya maganar tun daga birni kuma ba ta son ta tafi a banza. Ta ce saura kwana biyar sanyin ya wuce, ta cire hula. Ta ce su ba yara ba ne, ta cire safar hannu. Ta ce a asibiti ta ga abin da sanyi ke yi wa tsofaffi, ta cire babbar riga ta rataya a kujera. Ta warware mayafin wuya tana bayanin hawan jini. Teofila na juya tukunya ba ta ce uffan ba, abin da rabon gidan da shi tun tana amarya. Da Danuta ta kama rigar ulu ta cire ta kai, sai Bronek, wanda ya zo aron allurar ɗinki tun hantsi, ya yi gyaran murya daga kujerarsa.

"Danusia, tun ɗazu nake ƙirgawa. Saura takalmi."

Danuta ta dubi kanta, ta dubi tarin kayan da ke kan kujera, ta dubi ma'aunin da ke jikin bango yana nuna sha tara. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye, ta zauna.

"To ina kuka sami wannan uban ganyen?"

"Ilimi ne," in ji Zenon. "Mahaifina..."

"Ci abinci, mai kyanwa," in ji Teofila. Ta ajiye wa 'yarta kwano. "Daga tudu na kwaso shi. Duk gari suka share mini. Amma wanda ke bayan wannan bangon, nan gefen taga inda nake tsayuwa, na kan yayarki ne. Ni na share shi, na kuma ajiye buhunsa daban."

Danuta ta tashi daga kujera. Ta miƙa hannu ta dafa bangon gefen tagar, ta bar shi a wurin. Katakon babu sanyi. Ta cikin gilashi ana hango kan bishiyoyin tudu, fari fat. Ba ta sake ambaton mota ba. Washegari akwatunan suka koma birni cike da kwalaben kabeji da na zuma da dankali, har sai da Zenon ya hau kan ɗaya kafin ya rufu.

Sanyin ya ƙara kwana biyar, allura ba ta taɓa sittin ba ko sau ɗaya. Janar ya kai watan Mayu da ƙafarsa, kuma ranar da ƙarti huɗu suka fito da shi daga ɗakin ƙasa Zenon ya cire hula. Ludwik ya duba ɗinkinsa ya girgiza kai, ya ce shi dai walda ya yi, sauran aikin na mai miya ne.

Amma Teofila ba ta jira Mayu ba kafin ta kai labari. Ranar Larabar farko bayan sanyin ya sassauta ta ɗauki tsintsiya ta hau tudu, tana nutsewa cikin ƙanƙara tana fitowa. Ta share kan dutsen har sunan ya bayyana, ta tsaya ta mayar da numfashi. Daga nan tana hango gidanta, da ɗan siririn hayaƙi yana tashi daga kansa a natse.

"Lusia, muna nan," in ji ta. "Ba inda za mu. Rigar da kika ba mu ta yi." Ta goge ido da bayan safar hannu, ta gyara tsayuwa. "To yanzu tsaya ki ji abin da ubanki ya yi da ramin kyanwa."